Daga Katsina Zuwa Daura A Kan Keke

Amfanin gona ya shiga rumbu, hannu ya ɗan sami sarari. Darasinmu na wannan wata a kan keke yake, da irin yawon buɗe idon da mutum zai iya yi da shi ba tare da ya taɓa rumbunsa ba.

Da wuya ka shiga gida a karkara ba ka ga keke a jingine ba. Da shi ake zuwa gona. Da shi ake kai kaya kasuwa. Amma ka tambayi mai keken nan ko ya taɓa hawansa don kawai ya je ya ga wani tsohon gari, sai ya yi maka dariya, ya ce wannan ai aikin Turawa ne. Turawa kam suna yi. A Faransa da Holan mutum yakan ɗaure jakarsa a keke, ya yi mako guda yana bin ƙauyuka. Mu kuwa ga tarihi a bayan gidanmu, ba mu leƙa shi. Akwai dattijon da ya je Legas sau uku, amma bai taɓa ganin rijiyar Kusugu ba. Jikansa ya dawo daga makaranta da labarin Bayajida, ya tambaye shi yadda rijiyar take, sai ya rasa ta cewa.

Za mu ɗauki hanya ɗaya a matsayin misali: daga Katsina zuwa Daura, ta Mani. Ni da abokaina biyu mun taɓa bin ta. Kwana biyu muka yi.

Shirin keke

Keken gida ya isa. Ba sai an nemi na tsere ba. Amma ka kai shi wurin mai gyara tun ana saura kwana biyu. A duba birki na gaba da na baya. A sa wa sarƙa mai. A ɗaure duk wani noti da ya saki. Idan taya ta suɗe, a canza ta. Ka gyara tsayin sirdi yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Ka riƙe famfo, da faci, da sholisho, da sifana, da tib guda na ajiya. Kada ka raina wannan magana. A tafiyarmu, tun kafin azahar ƙaya ta huda mini taya har sau biyu. A karo na biyu faci ya ƙare mana, don mun ɗauko kaɗan. Sai da na tura keke na kusan awa guda cikin rairayi kafin mu sami mai faci a gindin wata bishiya. Tun daga ranar na daina fita da faci ƙasa da shida.

Sai ruwa. Kowane mutum ya ɗaure galan mai cin lita 4 a kariya, ya cika shi duk inda ya ga famfon burtsatse. Ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa ta kama ka. Guzuri kuwa, dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun isa. Fura da nono ba su yankewa a hanya.

Lokaci da hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. An gama aikin gona, rana ba ta da zafi, hanyoyin burji sun bushe. A guji bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kayar da ƙato.

Daga Katsina zuwa Daura ta babbar hanya kamar kilomita 80 ne. Ratsewa ta Mani yana ƙara nisa. Mu a kekunanmu mukan ci kilomita 12 a awa guda. To, yi lissafi: kilomita 48 awa huɗu ke nan. Wannan ya ishi mutum a yini. A fita bayan asuba, a sauka kafin rana ta take, a ci gaba bayan la'asar in akwai saura.

A bi hannun dama na titi. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙin dama, amma har yau za ka ga mai keke yana fuskantar motoci ta hannun hagu. Wannan ganganci ne. A jeru ɗaya bayan ɗaya, ban da jerawa kafaɗa da kafaɗa ana hira.

Akwai magana mai nauyi da ba za mu ɓoye ba. A shekarun nan ɓarayin daji sun addabi wasu sassan Jihar Katsina. Saboda haka kafin ka fita, ka tambayi direbobin tasha da 'yan kasuwa halin da hanya take ciki a wannan makon. Kada ka tafi kai kaɗai. Kada dare ya same ka a daji. Ka gaya wa mutanen gida inda za ka kwana. In an ce maka hanya ba kyau, ka haƙura. Rijiya ba za ta gudu ba.

Rana ta farko

Kafin a bar birnin Katsina, a tsaya a hasumiyar Gobarau. Ginin ƙasa ne, kuma masu tarihi suna danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, fiye da shekara 500 da suka wuce. Ka riƙe sunan Korau, za mu sake haɗuwa da shi. Daga nan sai a yi gabas, a kama hanyar Mani.

A nan ne za ka ga bambancin keke da mota. Mota tana wucewa fuu, ba ka ganin komai sai ƙura. A kan keke kuwa kana ganin yadda mutanen wani gari suke ɗaure daminsu, da irin rumbun da suke yi. Kana yi wa masu sussuka sannu da aiki, suna amsawa. Ɗaya daga cikin abokan tafiyata manomi ne. Ya dawo gida da irin wake a aljihu, wanda wani dattijo ya ba shi a bakin gona.

Durɓi ta Kusheyi

A ƙasar Mani, kamar kilomita 30 gabas da Katsina, akwai wurin da ake kira Durɓi ta Kusheyi. Wanda bai sani ba zai wuce shi. Tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki. Amma waɗannan tuddai kaburbura ne. Ana cewa na sarakunan Durɓawa ne, waɗanda suka mulki ƙasar Katsina tun kafin Korau. Na farkonsu shi ne Kumayau. Na ƙarshensu Sanau, wanda labari ya ce Korau ya kayar da shi a kokawa, ya kashe shi, ya karɓe sarauta. Har yau hakimin Mani shi ke riƙe da sarautar Durɓin Katsina.

An tona wasu daga cikin tuddan a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Palmer. An sake tonawa a 1992. An sami mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun wuya, da wuri, da kayan ado na zinariya. An kuma sami tasoshin ƙarfe da aka ƙera a ƙasashen gabas. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Wuri daga teku yake fitowa, teku kuwa tana da nisa ƙwarai daga Mani. Ashe tun shekaru ɗaruruwa, kafin a san mota ko jirgi, mutanen wannan wuri suna ciniki da ƙasashe masu nisa. Ni dai na karanta wannan a jami'a, amma bai shige ni ba sai ranar da na jingine kekena na tsaya a gaban tuddan.

Idan ka isa irin wannan wuri, ka fara zuwa ƙofar mai gari. Ka yi gaisuwa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Shi zai haɗa ka da wanda ya san wurin, shi ne kuma zai nuna maka masauki. Kada ka ratsa gonar mutane da keke. Kada ka tona, kada ka ɗauki ko tsingaro. Akwai dokar ƙasa ta 1979 da ta hana tono da fataucin kayan tarihi ba da izini ba. Abin da ka ɗauke ka kai gida, wanda zai zo bayanka ba zai gan shi ba.

Rana ta biyu

Daga Mani sai a nufi Mashi, a hau babbar hanyar Daura. Wannan hanya akwai motoci, sai a kula. Cinyoyi za su yi tsami da safe. In an yi rabin awa ana taka feda, sai su saki.

A cikin garin Daura rijiyar Kusugu take. An kewaye ta da gini, kuma baƙo yana iya jan guga ya ɗebi ruwanta. Labarinta sananne ne. Wani maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗibar ruwa sai ran Juma'a. Wani baƙo, Bayajida, ya iso da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce babu. Ya tafi rijiyar, ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. 'Ya'yan Bawo ne suka yi sarauta a Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In aka haɗa da Biram, sun cika Hausa Bakwai.

Ka tuna Kumayau na Durɓi ta Kusheyi? Bisa wannan labari, shi ne ɗan Bawo da ya sami Katsina. Ka ga tafiyar nan tamu baya take komawa: daga Korau zuwa Kumayau, daga Kumayau zuwa kakansa Bayajida. Sai dai mu lura da abu guda. Bayajida ya tarar da gari, da rijiya, da sarauniya a kan gado. Wato akwai mutane da mulki a Daura tun kafin zuwansa. Don haka masana da yawa suke cewa labarin nan na asalin gidajen sarauta ne, ba na asalin Hausawa ba. Mai sauran ƙarfi yana iya ƙarasawa Tsohon Birni, arewa da Daura, inda aka ce nan sarauniyoyi suka fara zama kafin Daurama ta taso.

Wanda yake nesa da Katsina, shi ma yana da nasa. Mutumin Kano yana da Rano da Gaya. Na Zazzau yana da Turunku da dutsen Kufena. Na Sakkwato yana da Wurno da Ɗegel. Na Kabi yana da kufan Surame. Kafin fitowarmu ta wata mai zuwa, kowa ya tambayi wani dattijo a garinsu: wane kufai ko tsohuwar ganuwa ce ta fi kusa da mu, kuma awa nawa ce a kan keke?