Amsoshin Tambayoyinku: Shin Mayaƙan Lifidi na Wasan Kwamfuta Haka Suke a Tarihi?

Wani mai sauraro daga unguwar Ajilari a Maiduguri ya aiko da tambaya cewa ya ga mahayan dawaki sanye da lifidi a wasan Age of Empires III, shin haka mayaƙan Barno da ƙasar Hausa suke a da?

To, malam mai tambaya, waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun kama gaskiya a wani ɓangare. A shekarar 2021 suka saka Hausawa cikin wasan, da mayaƙin lifidi. Lifidi kuwa rigar yaƙi ce mai kauri da ake ɗinkawa a cusa mata auduga, a sa wa doki da mahayinsa domin tare kibiya. Da Baturen Ingila Dixon Denham ya isa Kukawa a 1823, ya tarar da mahayan Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi sanye da sulke.

Sai dai wasan yana ba mutum damar tara irin waɗannan mahaya rututu, alhali doki da sulke kaya ne masu tsada, na sarakuna da manyan barade. Akasarin mayaƙa dakaru ne masu tafiya a ƙasa da baka da kibau, ko mashi da garkuwa, kamar Kanembu masu mashi da Shehu ya dogara da su.

Bindiga ma ta shigo Barno da wuri. Limamin fada Ahmad ibn Furtu ya rubuta cewa Mai Idris Alooma, a ƙarni na 16, yana da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa.