Ɗaura Eriyar Oba-oba a Kan A-kori-kura da Yadda Ake Saita Ta

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi SIWES a kamfanin gina hanya, ko kamfanin masu gadi, ko wata ƙungiyar agaji, ya san Hilux ɗin nan masu siririn ƙarfe yana lilo a samansu. Ƙarfen nan shi ne eriyar rediyon oba-oba, kuma ba ado ba ne. Akwai dazuzzuka da ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa, kuma mun ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021. Oba-oba ba ruwansa da turken kamfanin waya, mota da mota suke magana kai tsaye. In motoci uku suka shiga daji a jere, ta baya ta yi faci, ta rediyon nan kaɗai ta gaba za ta sani.

Abin da na lura da shi, in rediyo ba ya cin nisa sai mai mota ya ɗora wa rediyon laifi, ya ce a sayo mai wat hamsin a ajiye mai ashirin da biyar. Sau da yawa Motorola ko Kenwood ɗin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana waje, inda aka ɗaura eriya. Wannan sanda da kuke gani rabin eriya ce kawai, ɗaya rabin jikin motar ne.

Mu fara da lissafin da muka yi a aji. Ka raba 300 da firikwansinka a megahaz, ka samu tsawon zango a mita. A megahaz 150, cikin VHF ke nan, zango mita 2 ne. Kwatansa santimita 50, amma a aikace sandar kan ɗan gaza haka, ta tsaya wajen 47 ko 48. A megahaz 450 na UHF kuwa ba ta wuce santimita 16. Su direbobin manyan motoci na Amurka da ke amfani da CB a megahaz 27, kwatan zangonsu ya haura mita biyu da rabi, shi ya sa ake naɗa wa eriyarsu kwayil don a gajarta ta.

To me ya sa kwata? Cikakkiyar eriya ta asali, daifol, hannu biyu gare ta, kowanne kwatan zango. A mota hannu ɗaya muke kafawa, sai shimfiɗar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ta zama kamar madubi ta cike ɗayan. Ana so ƙarfen ya kai aƙalla kwatan zango ta kowane ɓangare daga gindin eriya. Ka ga a VHF ana neman kusan rabin mita gaba, baya, hagu da dama. A jikin a-kori-kura wuri ɗaya ne ke ba ka haka, wato tsakiyar rufin da ke saman direba. Ga faɗi, ga tsayi, ba abin da ya tare shi.

Nan ne ake yin daru da oga, don da ka ambaci huda rufi zai ce ba dai motarsa ba. Ni dai huda nake zaɓa. Gindin eriya irin wanda ake kira NMO rami ɗaya yake buƙata, milimita 19, kuma yana zuwa da robarsa, in an ɗaure daidai ba ya yoyo ko a tsakiyar Agusta. Kafin ka huda, sassauta silin ɗin ciki ka leƙa, kada ka faɗa kan ƙarfen da ya gitta ko wayar fitilar ciki. Ta ƙasa kuma ka kankare fenti kaɗan, haƙoran gindin su ciji tsuran ƙarfe. Fenti ba ya wuce da lantarki, in ya shiga tsakani ka raba eriya da rabinta.

Mai maganaɗisu tana aiki, ban hana ba, musamman in motar haya ce ko aikin kwana biyu. Sai dai ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashinta ta goge fenti, reshe ɗaya ya isa ya tunkuɗe ta, kebul ɗin kuma ta ƙofa yake bi, kullum ana datse shi.

Wurin da masu walda suka fi so shi ne bakin bodi, dab da bayan gilashi, saboda sauƙi. Shi ne kuma mafi muni. Sanda mai santimita 48 a wurin ɓuya take yi a bayan gidan direba, ƙarfe ya tare ta daga gaba, ya kuma rikita mata saiti. Ƙari a kan haka, bodin a-kori-kura daban yake da gidan direba, kowanne da notocinsa a kan shasi, ga fenti ga tsatsa. In dole sai a can, ka ɗaga gindin eriyar ya kai tsayin rufi, ka haɗa bodi da shasi da gajeriyar saƙaƙƙiyar waya mai faɗi. Wadda aka sa a gefen bonet ko kan ƙarfen gaban mota ma tana aiki, amma ƙarfinta yakan karkata ta inda jikin mota ya fi yawa, sai ka ji na bayanka ras, na gabanka yana yankewa. Murfin bodi na faiba kuwa ba ƙarfe ba ne, babu madubi ke nan. Ko ka shimfiɗa falankin alminiyam a ƙarƙashinsa, ko ka nemi eriya mai rabin zango, wadda ba ta dogara da jikin mota.

Kebul: mai om 50, irin RG-58. Kada rewaya ya kawo maka na dish ya ce duk ɗaya ne, wancan om 75 ne. Ka nisanta shi da injin da salansa, kada ka lanƙwasa shi kamar gwiwa. In ka gama haɗa kan, cire sandar ka auna da maltimita: tsakanin tsinken tsakiya da jikin kan bai kamata wuta ta wuce ba, amma jikin kan da jikin mota dole su haɗu. Wutar rediyo kuma daga batir kai tsaye, da fiyus kusa da batir ɗin.

Yanzu saiti, kuma nan ne aikin yake. In eriya ba ta dace da firikwansi ba, wani kaso na ƙarfin da rediyo ya tura yana dawowa ta cikin kebul. Na'urar SWR ita ke nuna yawan abin da ke dawowa. In ta nuna 1.5, kashi 4 cikin ɗari ne ya dawo, ba komai. A 2, kashi 11. A 3, kashi 25, rubu'i guda. A nan rediyon zamani rage wa kansa ƙarfi yake yi, wanda ba shi da wannan kariya kuma tiransistocin ƙarshe su yi ta zafi har su ƙone. Kuma sai a daji za a gane, ranar da ake bukata.

Ka tabbata na'urar ta zangonka ce, ta CB ba ta auna VHF daidai. Kai motar fili, nesa da gini da wayoyin wuta, irin filin ƙwallonmu. A rufe ƙofofi da bonet, 'yan kallo su ja baya, don jikin mutum ma yana canja awo. Haɗa na'urar tsakanin rediyo da kebul ɗin eriya, sa rediyo a ƙaramin ƙarfi. Juya maɓalli zuwa FWD, danna abin magana, murɗa har allura ta kai alamar SET, sai ka koma REF ka karanta. Kada ka taɓa dannawa ba eriya a jiki, kada kuma wani ya riƙe sandar ana watsawa, tana ƙona hannu.

Sau biyu za ka auna, a tashar da ta fi ƙasa cikin waɗanda aka ba ku, da wadda ta fi sama. In lambar ta fi girma a ta sama, sandar ta yi tsayi. In ta fi girma a ta ƙasa, ta yi gajarta. Fara da alanki, sassauta ka tura sandar ciki ko ka jawo ta waje. In wurin ya ƙare sannan a yanka, ta gindi, kuma kaɗan-kaɗan. Ku duba lissafin: santimita ɗaya a cikin 48 kusan kashi 2 cikin ɗari ne, wato wajen megahaz 3. Milimita uku kacal sun matsar da kai megahaz guda. Ka yanka, ka mayar, ka rufe ƙofa, ka sake aunawa, har lambobin biyu su zo kusa da juna, ƙasa da 1.5 in da hali. Abin da aka yanke ba ya dawowa fa.

In ka ga sama da 3 a kowace tasha, ajiye zarto. Ba tsawo ba ne, ko kan kebul ne ya haɗe, ko fenti ne a gindi. Haka kuma lamba mai kyau ba ita ce shaidar ƙarshe ba. Kebul ɗin da ruwa ya shiga yana shanye ƙarfi a tafiya da dawowa, sai na'ura ta nuna maka 1.2 alhali maganarka ba ta wuce bakin get. Saboda haka bayan awo a tura mota ɗaya ta yi nisa, a riƙa kira ana rubuta kilomita.

Nisan nawa za ku sa rai? VHF da UHF kusan a miƙe suke tafiya, lanƙwasar doron ƙasa ce ke tare su. Ka ɗauki tushen murabba'in tsayin eriya a mita, ka ninka da 4.1, ka samu kilomita. Eriyar da ke mita 2 daga ƙasa tana hangen wajen kilomita 6, motoci biyu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusan 12 ke nan. In ofis yana da turke mai mita 30, tsakaninsa da mota ya kai 28. Ninka wat kuwa desibel 3 kawai yake ƙarawa, ba ya ɗage tudu. A fili irin hanyar Kano zuwa Haɗeja, eriya mai biyar bisa takwas na zango, wadda ta haura mita ɗaya a VHF, ta fi, domin tana kwantar da ƙarfi ƙasa-ƙasa. A duwatsu irin na Jos ko Mambila ni mai kwata zan sa, tana jefa sigina sama-sama, kuma ba ta kama rassa.

Firikwansi ba na kowa ba ne, hukuma ke rabawa da lasisi. Ka nemi ganin takardar kamfanin kafin ka taɓa musu rediyo, ka yi gwaji a tasharsu kaɗai. A halin tsaron da ake ciki, a same ka da oba-oba ba takarda a shingen bincike ba ƙaramar magana ba ce. In ka gama, rubuta tsawon sandar da lambobin biyu ka bar wa direba a aljihun mota, a sake aunawa bayan damina ko duk ranar da eriyar ta daki wani abu.