Yadda Ake Canza Sarƙar Taimin ta Corolla a Gida

Direban da ke lodi a Kasuwar Kwastam yana miƙa hanyar Muna zuwa Mafa da Dikwa ya san kwanan mota a gareji asarar abincin gida ne. A injin Corolla ta 2003 zuwa 2008, wato 1ZZ-FE, sarƙa ce ke haɗa karanshaf da kamshaf biyu, domin buɗewar bawul ta dace da hawa da saukar fistin. Baƙin mai ne ke raya ta. Ƙurar hunturu, da zafin bazara mai haura digiri 40, da ruwan da ya shiga injuna a ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumbar 2024, duk suna lalata mai, sarƙa ta saki tun lokacinta bai yi ba.

Za ka gane ta gaji idan inji na ƙarar kacau-kacau a tashin farko da safe, mota ta rage ja, ko na'urar gwaji ta nuna lambar matsala P0016.

Abin da za ka tanada

Sayi saiti cikakke: sarƙa, tenshina, takalman roba biyu da sarƙar ke bi, sil na gaban karanshaf, gasket na murfin sama, gam mai jure zafi, filta, baƙin mai kusan lita 4, da ruwan lagireto. Sabuwar sarƙa a kan tsohon takalmi aikin baban giwa ne. Ka kuma nemi jak, katako, soket 10, 12, 14 da 19, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Yi aikin a inuwa, inda iska ba ta kwaso yashi.

Kwancewa

1. Bari inji ya huce. Cire wayar batir ta baƙin kai, ka juye mai da ruwa.

2. Ɗaga gaban motar, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba, sannan ka cire tayar dama. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

3. Cire fanbel, altaneta, koyil, filogi da murfin sama.

4. Juya karanshaf ta dama har tsagar fuli ta tsaya a kan 0, alamun haƙoran kamshaf biyu kuma su fuskanci juna. Idan ba su fuskanci juna ba, ƙara zagaye ɗaya. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai.

5. Tallafi inji daga ƙasa da jak, ka sa katako a tsakani, ka kwance kujerar inji ta dama. Sai fuli, famfon ruwa, tenshina da murfin gaba. Kusoshin murfin ba tsayinsu ɗaya ba: soka kowace a kwali bisa tsarin da ka same ta.

6. Cire faifan sensa mai haƙora, da takalmin da ke motsi, ka zare sarƙar, sannan takalmin da ke kafe. Daga nan kada ka juya karanshaf ko kamshaf, domin fistin na iya bugun bawul ya lanƙwasa shi.

Ɗaurawa, inda aikin yake

7. A jikin sabuwar sarƙa akwai gaɓoɓi uku masu launi, galibi ruwan ɗorawa. Ɗaya za ta hau ɗigon haƙorin karanshaf, biyu su hau alamun da ke saman haƙoran kamshaf, ba waɗanda ke fuskantar juna ba, kowace da tata. Haƙori ɗaya tak idan ya goce, mota za ta yi ta rawa tana shan fetur, ko ta ƙi tashi. Duba, ka kira wani ya sake duba maka.

8. Ɗaura sababbin takalma. Mayar da faifan sensa, harafin F na kallon waje.

9. Kankare tsohon gam tas, ka goge maiƙo. Sa sabon sil, ka zizara gam siriri ba tsinkewa, ka rufe murfin cikin minti 3. Gam mai yawa kan ɓalle ya toshe hanyar mai.

10. Tura sandar tenshina ciki, ka maƙale ta da ƙugiyarta, ka ɗaura. Ɗaure kusar fuli a kan 138 Nm. Juya karanshaf ta hagu kaɗan don ƙugiyar ta saki, sannan ta dama, ka ga sarƙar ta miƙe.

11. Juya inji da hannu zagaye biyu cikakku. Fuli ya dawo kan 0, alamun kamshaf su sake fuskantar juna. Gaɓoɓin masu launi ba za su koma wurinsu ba, wannan ba matsala ba ce. Idan ka ji ya cije, tsaya nan take, ka koma mataki na 7.

12. Mayar da sauran kaya. Ba gam aƙalla awa 2 kafin ka zuba mai da ruwa. Tayar da inji, ka bar shi a silo, kana sauraro kana duba yoyo.

Idan alamun sun rikice maka, kada ka murɗa makulli. Ɗauko bakanike ya duba, kuɗinsa bai kai na bawul goma sha shida ba. Bayan aiki kuma, riƙa juye mai a kan lokaci, ka sayi na galan mai hatimi, ka kaɗe filtar iska kowane mako a lokacin ƙura. Da wannan ne sabuwar sarƙar za ta yi maka shekaru a hanya.