Sojojin wasa: yadda za ka tara waɗanda suka yi yaƙin da gaske

Ka zazzage ledar sojojin roba da ake sayar wa yara a kasuwa, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Duk kore ne, hular kwano iri ɗaya, fuska iri ɗaya, zubin sojan Amurka. Ko a wajen manya masu tara na tsada a durowar gilashi, Bature ne ya cika kanta. Alhali a Yaƙin Duniya na Biyu Indiya kaɗai ta ba da soja wajen miliyan 2.5, Hindu da Musulmi da Sikh da Kirista, kuma manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Afirka ta Yamma suka tashi zuwa Burma. In kana son fara tara waɗannan 'yan sojoji, ko ka riga ka fara sai ka ga kantarka ta koma launi ɗaya, ga yadda za ka yi. Ke ma matso, da ke nake.

1. Fara da tambayar malaminka. Mutane da yawa a wajenmu ba sa ajiye mutum-mutumi a gida saboda addini, kuma malamai suna da bayani kan abin wasan yara da abin koyarwa da abin ado. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka tambaya kafin ka kashe ko sisi.

2. Zaɓi yaƙi ɗaya da runduna ɗaya. Wanda ya ce zai tara kowa da kowa daga kowane zamani, kuɗinsa zai ƙare bai haɗa komai ba. Ni shawarata ka fara da Burma, 1943 zuwa 1945, domin tarihin yana kusa da kai. Barikin Chindit na Zariya, Dalet da Kalapanzin na Kaduna, Myohaung da Arakan na Legas, duk daga wancan fagen daga suka samo suna. A daji ɗaya an ga ɗan Najeriya, ɗan Gold Coast wato Ghana ta yau, askarawan Afirka ta Gabas, Gurka daga Nepal, Sikh da Musulmin Punjab, ga Baturen Ingila, ga sojan Japan a gabansu. Ba sai ka ƙirƙiro bambancin launi ko na addini ba, yaƙin da kansa ya zo da shi.

In kana Nijar, ko Faransanci ya fi maka sauƙin bincike, ka ɗauki Tirailleurs sénégalais. An kafa su a 1857, kuma duk da sunan, daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma ta Faransa aka riƙa ɗibarsu, har da Nijar.

3. Tsaya a kan girma ɗaya. Uku ne suka fi yawa. Na milimita 54, wanda ake rubuta wa 1:32, shi ne na gargajiya, kusan tsawon ƙaramin yatsanka. Na 1:72 ƙanana ne, na roba, ana samun gommai a kwali ɗaya daga kamfanoni irin Airfix, Italeri da HäT, kuma su ne masu araha. Na milimita 28 kuma, irin na Perry Miniatures da Warlord Games, suna zuwa a wargaje kai ne za ka haɗa. Kamfanin King & Country na Hong Kong yana yin nasa a 1:30, na ƙarfe, da fentinsu, amma da tsada. Kada ka jera 1:72 kusa da 1:32, sai ka ga kamar uba da jariri.

4. Nema da sunan runduna. In ka rubuta “sojan Afirka” ko makamancinsa a eBay, tarkace za a zubo maka. Rubuta ainihin sunan: Royal West African Frontier Force, King's African Rifles, Tirailleurs, Askari, Bengal Lancers, Gurkha Rifles, Buffalo Soldiers. Tsohon kamfanin Britains na Landan, wanda ya fito da zubin dalma mai rami a ciki a 1893, lamba yake ba kowane kwali. Lamba 19 ita ce West India Regiment, baƙaƙen sojojin Karibiyan da suka yi aiki har a Saliyo da ƙasar Ashanti. Lamba 116 sojojin ƙasa na Sudan ne, 225 kuma King's African Rifles. Ka haddace lambar da kake so, dillali zai san ba baƙo ba ne kai.

5. Duba kai kafin ka duba bindiga. Nan ne mai sassaƙa yake nuna ko ya yi bincike ko shaci-faɗi ya yi, kuma nan ne addini ya fi bayyana a jikin soja. Ka ja hoton a waya ya yi girma sosai. Sojan Sikh yana da cikakken gemu, rawaninsa ya rufe kai ruf har kan kunnuwa. Musulmin Punjab da Patan kuwa a kan wata hula mai tsini suke naɗa nasu, za ka ga tsininta ya leƙo ta saman rawanin. Gurka ba shi da rawani sam, malafa ce mai faɗin baki a karkace, da wuƙarsa mai lanƙwasa a ƙugu. In aka tallata maka soja marar gemu da hula mai tsini aka ce Sikh ne, ka wuce.

Namu na Frontier Force a ranar fareti: kaki da gajeren wando, jar dara, jar 'yar shara mai rawayan baki, jar ɗamara, da tambarin bishiyar kwakwa. Amma a dajin Burma babu mai sa ja. Koren kaya ne, malafa, da adda, wasu kuma da kaya niƙi-niƙi a ka, domin runduna ta 81 da 'yan dako ta riƙa ratsa kwarin Kaladan inda mota ba ta shiga. Waɗannan masu ɗaukar kaya sojoji ne, da yawansu sun bar ransu a can, kuma da wuya ka ga wani ya tuna da su a kanta. In ka samu ko ka haɗa guda biyu, ka sa su a sahun gaba.

6. Kada ka cakuɗa don ado kawai. Rundunar Amurka a ware take tsakanin baƙi da farare har Shugaba Truman ya sa hannu a dokar haɗe su a 1948. Saboda haka in kana jera yaƙin 1944, baƙaƙen Amurka galibi rukuninsu daban, kamar matuƙan Tuskegee masu jirage da jar wutsiya. In Biyetnam kake jerawa, to a nan ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa. A rundunonin mulkin mallaka kuma hafsoshi kusan duk Turawa ne. Ka bar shi haka a kanta, domin haka aka yi, kuma yaron da ya tambaye ka dalili ya buɗe maka ƙofar darasi.

7. Kalli fuska da idon basira. Wasu tsofaffin kaya an yi su ne a zamanin da ake zana baƙar fata don a yi dariya: jan leɓe rangaɗa-rangaɗa, idanu zuru-zuru, fata kamar an shafa kwalta. In ka sayi irin wannan saboda tsufansa, ware masa wuri, ka rubuta shekararsa da abin da yake nunawa game da masu yinsa. Sabon da aka yi jiya da irin wannan fuska kuwa, bai cancanci kuɗinka ba.

8. Abin da babu a kasuwa, yi da hannunka. Sojan Najeriya na Burma ba kasafai ake samunsa a shirye ba, amma haɗa shi ba wuya. Sayi kwalin sojojin Ingila ko na Ostireliya masu malafa, na roba marasa fenti. Wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke don maiƙon zubi ya fita, su bushe sarai. Fesa fentin shimfiɗa siriri. Sannan ka ɗauko fentin akirilik, irin Vallejo, da buroshi lamba 0 da 1.

Fata ita ce wurin da ake yawan ɓatawa. Kada ka taɓa baƙin fenti tsantsa, yana kashe fuska. Shimfiɗa ruwan ƙasa mai duhu, bari ya bushe. Ɗiga ɗan ja ko ruwan lemo a ciki ya ɗan yi haske, ka taɓa goshi, karan hanci, ƙashin kumatu da gaɓoɓin yatsu. Daga nan ka tsinka mai duhun da ruwa sosai, ka bar shi ya gangara cikin ramin ido da ƙarƙashin haɓa. Idanu kuwa a ƙaramin soja ka ƙyale su, inuwa ta wadatar. Farin ɗigo biyu shi ke mai da mutum abin tsoro.

Kuma kada ka yi wa mutum goma launi guda. Leƙa layin masallacin Juma'a ko cocin unguwarku ka gani: akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙi wuluk, akwai mai haske. Haɗa launi uku ka rarraba musu.

In kuwa na fareti mai dara kake so, yanke hular da reza a hankali, ka mulmula ɗan ƙwaɓin Milliput kamar ƙwayar masara, ka daidaita samansa, ka manna. Ka fara gwadawa da waɗanda ba ka jin asararsu.

9. Ba wa abokan gaba haƙƙinsu. Perry Miniatures suna da kwalin mayaƙan Mahadi na Sudan, kuma jibbarsu mai faci kala-kala alama ce ta aƙida, sai ka yi ta da kulawa yadda za ka yi wa jar rigar Bature. In ka kai ga jera faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, za ka tarar da abu mai nauyi: mahaya masu sulke da lifidi a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sojojin Gwamna Lugga waɗanda da yawansu Hausa suke ji, ga bindiga mai ruwa a tsakani. Ka jera su yadda abin ya faru, kada ka ɓoye ko ɗaya.

10. Rubuta kati. Ɗan ƙaramin kwali a gaban kowane rukuni: runduna, wuri, shekara, da suna ɗaya na gaske in akwai. Misali Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast, wanda ake ɗauka shi ne ya fara harba harsashi a ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, Agustan 1914. Ko Khudadad Khan, Musulmi na farko da ya samu lambar Victoria Cross, a Beljiyam, cikin wannan shekarar. In akwai tsohon soja a danginku, nemi hotonsa ka jingina a bayan sahu.

11. Yi hattara da dalma. Britains sun daina zubin dalma a 1966, to duk nasu na ƙarfe da ya girmi haka ba na yara ba ne. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Kulle durowa, wanke hannu bayan ka taɓa, kada ka goge su da sanfefa. In ka ga farin gari-gari yana fitowa a jikin ɗaya, ya fara ruɓewa, cire shi daga cikin sauran. Damshi da katakon oak ne suka fi jawo wannan, sai ka nemi kanta ta gilashi ko ƙarfe, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Ƙurar hunturu kuma buroshin kwalliya mai laushi ya ishe ta. Na roba kada rana ta riƙa dukansu.

12. Lissafa kuɗin aike da na kwastan kafin ka biya, domin sau da yawa sun fi kuɗin kayan. Haɗa oda da wani, ko ka jira mai dawowa daga tafiya. Tsohon soja mai fentinsa na asali da kwalinsa ya fi wanda aka sake wa fenti daraja nesa ba kusa ba, don haka kada ka kai buroshinka kan tsoho, kuma ka nemi hoton ƙasan ƙafarsa inda sunan kamfani yake.

Abu na ƙarshe, ka yi magana da masu yin kayan. A 2019 wata yarinya 'yar shekara 6 a jihar Arkansas ta Amurka ta rubuta wasiƙa tana tambayar me ya sa babu mata a cikin koren sojojin roba, kuma kamfanin BMC Toys ya amsa ya ƙera su. Kamfanonin nan ƙanana ne, suna karanta saƙonnin masu saye. Gobe da safe ka zaɓi rundunarka da girman da za ka tsaya a kai, sannan ka tura wa kamfani ɗaya imel mai layi uku, da hoton sojan runduna ta 81 ko ta 82 a manne, ka ce kana son a yi shi kuma za ka saya.