Wa Ya Yi, Wa Aka Yi Wa? Aikau da Karɓau a Nahawun Turanci

Fannina ilimin halittu ne, amma duk lokacin da nake duba rahotannin ɗalibai nakan ci karo da wani kuskure na Turanci wanda ke ɓata musu aiki, wato rikita wakilan suna. Da yake ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO, ya kamata mu tsaya mu dube shi.

Aikau shi ne mai yin aiki a jimla, karɓau kuwa shi ne wanda aikin ya faɗa wa. A shekarar 1897 Ronald Ross ya feɗe sauro a Indiya, ya tarar da ƙwayar cutar maleriya a cikinsa. Game da shi za mu ce He dissected the mosquito, domin shi ya yi aikin. Da sauron ne ya cije shi, sai mu ce The mosquito bit him. Wakilan aikau su ne I, he, she, we, they. Na karɓau kuma me, him, her, us, them. You da it ba sa canzawa.

To, ina tarkon yake? Bahaushe kan ce "na gan shi", kuma ya ce "ya gan ni", saboda haka ɗalibi ya saba ɗaukar "ni" a matsayin me. Amma Bahaushe kan ce kuma "ni da Audu mun tafi". Daga nan ne ɗalibin Darini, wanda ya tattaro ganyaye a dajin Rugu tare da abokinsa, zai rubuta Me and Audu collected leaves.

Maganin abin mai sauƙi ne. Cire Audu ka sake karanta jimlar. Ba a cewa Me collected leaves, don haka daidai shi ne Audu and I collected leaves. Haka kuma ba a cewa The teacher praised I, ke nan The teacher praised Audu and me ne daidai. Bayan kalmomi irin su to, for, with da between, karɓau ake sawa: between you and me.

Ya ku malamai, ku jarraba ɗalibanku da wannan: Binta and ___ planted millet. Ku bar su su cire Binta da kansu, su gano amsar.