Amsoshin Tambayoyinku: Zanen Mutum da Jaruman Wasan Bidiyo

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya: me ya sa ɗalibin da ke son ƙirƙiro jaruman wasannin bidiyo sai ya fara da zana mutumin da ke tsaye a gabansa?

To, malam, jarumin wasa gudu yake yi, ya yi tsalle, ya yi faɗa, kuma ƙashi da tsoka ne ke ɗauke da wannan motsi. A aji, malami kan fara da zanen gaggawa na daƙiƙa 30 zuwa minti 2 don ɗalibi ya kama motsin jiki, sannan a koma dogon zama ana lura da haske da inuwa. Tsayin baligi kusan ninki 7 da rabi ne na tsawon kansa, amma jarumai akan ja su zuwa ninki 8.

Ɗalibi ya fara ƙwarewa idan ana gane jaruminsa daga inuwarsa kaɗai.

Misalin gwani a wannan fanni shi ne Yoji Shinkawa ɗan Japan, wanda ya shiga kamfanin Konami a 1994, kuma da alƙalami mai bakin burushi ya zana jaruman wasan Metal Gear Solid na 1998.