Dutse Da Ganuwa

Jama'a, darasinmu na yau a kan ƙasarmu ne. Me ya sa muke cewa Birnin Kudu? Dalili shi ne, birni gari ne mai ganuwa.

A zamanin da mahara sun yi yawa. Manomi ba ya iya zama a daji shi kaɗai da iyalinsa. Sai mutane su nemi gindin dutse inda akwai ruwa, su taru. In sun yi yawa sai su ja ganuwa, su haƙa gwalalo a bayanta, su sa ƙofofi.

Mutane sun daɗe ƙwarai a duwatsunmu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse. Shanun nan ba su da tozo, ba kamar namu na yanzu ba. A 1955 wani Bature mai binciken tarihi, Bernard Fagg, ya ga duwatsu a nan waɗanda in an buga su sai su yi ƙara kamar kuge.

Haka Kano ta kafu a gindin Dala. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya gina fada da kasuwar Kurmi.

Can a ƙasar Faransa ma haka aka yi. Wajen shekara ta 1000 masu ƙarfi suka riƙa tara tudu suna kafa hasumiyar katako a kai. Daga baya suka koma ginin dutse. Manoma suka yi ƙauyuka a gindi. In yaƙi ya zo su gudu ciki, su kuwa su biya da hatsi da aiki.

A ƙarni na 19 Ningawa sun sha kawo hari wajen Gwaram da Birnin Kudu, ganuwa ita ce mafakar kakanninmu. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka daina gyaran ganuwa.

To, ganuwa gumin talakawa ce, su suka kwaɓa ƙasa suka ɗauka a ka. Inda duk kufanta ya rage, kada mu ɗebe don gini. Kada mu bar yara su kankare zanen duwatsu. Abin da ya goge ba ya dawowa.

Tambayoyi
1. Mene ne birni?
2. Wa ya fara ganuwar Kano?
3. Yaya shanun zanen suka bambanta da namu?